Rubuta wa mai nema: darussa daga aikin wayar da kan manoma

Aikina rubutu ne a wata ƙungiya da ke wayar da kan manoma. Malaman gona su kawo ilimin, ni kuma in mayar da shi Hausar da za a karanta a waya. Masu karatuna iri biyu ne. Akwai wanda ke yawo a Facebook, rubutunka ya faɗo masa, ya leƙa ko ya wuce. Akwai kuma wanda ya buɗe Google da kansa ya rubuta tambaya, domin wani abu ya dame shi: wakensa ya fara ƙwari, akuyarsa ta ƙi cin abinci, ganyen masararsa ya huhhuje. Wannan na biyun shi ya taso nemanka, kuma ba shi da lokacin doguwar gaisuwa.

Mu da muka yi insha'i a makaranta mun saba da shimfiɗa. Sai ka ga maƙala a kan adana wake ta fara da cewa wake yana daga cikin muhimman amfanin gona, Najeriya ce kan gaba a duniya wajen nomansa, Nijar na biye da ita. Duk gaskiya ne. Amma mutumin da buhu goma ke jingine a ɗakinsa ya san darajar wake fiye da marubucin. Amsa yake so a layi uku na farko: ya shanya waken ya bushe ƙayau, ya zuba a abin da iska ba ta shiga, ya ɗaure tamau. Dalili da tarihi sa biyo baya, ga mai son ci gaba da karatu.

Sai batun kalmomi. A ofis muna cewa "dabarun rage asarar amfanin gona bayan girbi". Ban taɓa ganin wanda ya nemi wannan jimla ba. Google yana da wata manhaja ta kyauta, Search Console, wadda ke nuna wa marubuci ainihin abin da mutane suka rubuta kafin su iso gare shi, kuma abin da nake gani a ciki shi ne irin su "maganin kwarin wake" da "yadda ake ajiye wake", ba lanƙwasa ba komai, wani lokaci da Ingilishi a gauraye. Daga nan nake ɗauko kanun maƙala. Ni dai ina rubuta ƙa da ɗa da ɓa yadda ƙa'ida ta ce, amma jimlar da ke kai tasu ce, ba ta ofis ba.

An taɓa kawo mana wani ƙwararre ya koya mana dabarun hawa sama a Google. Shawararsa ita ce a riƙa maimaita kalmar da ake nema a kowane sakin layi, kuma a cika maƙala ta yi tsawo ko da maganar ta ƙare. Wannan tsohon yayi ne. Tun a watan Fabrairun 2011 Google ya fito da gyaran da ake kira Panda domin danne rubutun da ba shi da nama, a 2012 ya biyo da Penguin a kan masu sayen mahaɗai na bogi, wato links da ke nuni zuwa shafukansu. A watan Agustan 2022 ya sake sanar da cewa zai fifita rubutun da aka yi domin mutane a kan wanda aka yi domin inji, sannan a Disambar shekarar ya ƙara wani ma'auni a jagorar masu tantance masa inganci: shin marubucin ya taɓa abin da hannunsa, ko labari ya ji? Jagorar ta fi tsanantawa a kan duk abin da ya shafi lafiya da dukiyar mutane, adana abinci kuwa ya haɗa duka biyun.

Abin da ƙwararren bai lura da shi ba, domin da Ingilishi yake aiki, shi ne cewa a Hausa gasar ba ta da zafi. Tambayoyi da yawa babu wanda ya zauna ya amsa su a rubuce. Saboda haka hawa sama ba shi ne wahalar ba. Wahalar ita ce idan ka hau, wataƙila kai kaɗai ne a wurin, kuma za ka daɗe. Wanda ya nemi abu da Ingilishi zai ga amsa goma ya auna. Wanda ya nema da Hausa, sau da yawa abin da ka rubuta shi zai ɗauka ya yi aiki da shi, har ya tura wa ɗan'uwansa ta WhatsApp.

Wake ya ishe mu misali. Sananne ne cewa wasu suna yayyafa masa fiya-fiya kafin su ɗinke buhu. Sinadarin da ke cikinta, dichlorvos, shi ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Wasu kuma ƙwayar Phostoxin suke jefawa, wadda ke fitar da iska mai guba, su ajiye buhun a ɗakin da yara ke kwana. Idan marubuci ya rubuta "a sa magani" ya yi shiru, ya buɗe ƙofar duk waɗannan. Dole ya faɗi wanne, ya faɗi wanda ba a sa wa abinci ko kaɗan, ya kuma kawo mafita.

Mafitar da muka fi yin rubutu a kanta ita ce buhun PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta yaɗa tun daga 2007 tare da masu bincike na wannan yanki, ciki har da na INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, reshen Maraɗi. Buhu uku ne a haɗe: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Ba a sa magani. Ƙwarin ne ke shaƙe 'yar iskar da ta rage, su mutu. Wannan bayanin kowa na iya kwafowa daga takarda. Abin da ya sa maƙalarmu ta yi amfani ya fito ne daga tsayawa kusa da wata malamar gona tana nuna wa mata a tsakar gida. Kafin ta zuba ko ƙwaya ɗaya, sai ta cika kowace leda da iska ta riƙe bakin ta matsa, ta ga ko tana sacewa. Bayan ta zuba waken, ta danna da tafin hannu iskar ta fita, ta murɗe bakin ledar farko ta lanƙwasa ta ɗaure, sannan ta biyu daban, sannan buhun waje. Wata tsohuwa ta ce, "To Malama, ɓera fa?" Ta ce, "Iya, ki ɗora shi a kan katako, kada ya jingina da bango. In ɓera ya huda ledar, aikin ya tashi." Wata ta tambaya ko za ta riƙa ɗiba kullum don girki. Aka ce mata ta ware na ci daban, domin duk buɗewa sabuwar iska ce. Tambayoyin nan biyu su suka zama ƙananan kanu a maƙalar.

Rubutun Hausa kuma har yau da kunne ake shan rabinsa. Tun zamanin jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939, mutum ɗaya ke karantawa jama'a su saurara, kuma haka ɗalibi yake karanta wa mahaifinsa daga waya a yau. Shi ya sa nake karanta kowace maƙala da ƙarfi kafin ta fita. Inda numfashina ya yanke, jimlar ta yi tsawo. Awo ma sai an kula. Mudun wata kasuwa ba shi ne na wata ba, mai karatu a Damagaram da tiya yake awo, don haka nakan haɗa da kilo. Hoto ɗaya mara nauyi ya isa, tunda data kuɗi ce. Farashi kuwa ba na sa shi sai da wata da shekara a gefensa, kuma duk kaka ina komawa in duba tsofaffin maƙalu.

Alƙaluman Search Console suna nuna yawan waɗanda suka shigo, ba sa nuna wanda ya fahimta. Wannan a bakin malaman gona nake jinsa, idan tambayoyin da ake yi musu suka sauya. Yanzu an rage tambayar wane magani za a sa wa wake, an koma tambayar ko buhun zai yi wa masara. Zai yi, in ta bushe sosai. Maƙalar da ke hannuna ke nan, kuma da gwajin gishiri za ta fara: a zuba masara da busasshen gishiri a busasshiyar kwalba, a girgiza, a bar ta ta ɗan jima, in gishirin ya manne a jikin kwalbar a mayar da masarar rana.