Godiya Bayan Fitowar Faifan Mutanenmu

Assalamu alaikum. Sai yau na samu natsuwar zama in rubuta, kwana uku bayan taron sake fitar da faifan tsohon kiɗanmu da muka yi a Zariya ranar Asabar. Alhamdu lillahi, an taru lafiya an watse lafiya, kuma duk waɗanda suka taso daga Kaduna da Jos da Kano sun sanar da ni sun isa gida. Allah Ya bar zumunci.

Ga waɗanda suka ga hotuna kawai ba su san mafarin zancen ba: mu shida ne muka yi wannan kiɗa a tsakiyar shekarun 1980, muna samari, tsakanin Samaru da Sabon Gari. Ni ke busa saksafon, wato wata irin algaitar bature. Akwai mai jita, mai gangunan bature, mai kalangu, mai ƙaho, sai Baba mai sarewa, wanda shi kaɗai ne dattijo a cikinmu, kuma a hannunsa dukkanmu muka koyi sauraro. Yau saura mu biyu, ni da Yaya mai jita. Huɗun nan Allah Ya jiƙansu da rahama, Ya kyautata namu zuwan.

Kaset ɗin farko da muka fitar babu sunan kowa a jikinsa. Kuɗin buga takarda ne ba mu da shi, muka ce sai gaba. Gaban ba ta zo ba. Masu kwafa suka kwafa, har wata rana na tsinci kiɗanmu a kasuwa da hoton wani mutum da ban taɓa gani ba. A lokacin dariya muka yi. Da aka fara rasuwa ɗaya bayan ɗaya sai abin ya daina ba ni dariya, ya koma bashi a wuyana. Dalilin sake buga faifan ke nan: a rubuta sunan kowa da na mahaifinsa da abin da ya kaɗa ko ya busa, iyalinsa kuma su samu rabonsu.

Da yawa sun tambaye ni a wurin taron yadda aka yi sarewar Fulani ta shiga kiɗan jaz, wato kiɗan nan da ya samo asali daga baƙaƙen fatan Amurka, har wani yaro ya ɗauka sabuwar dabara ce ta kwamfuta. Ba sabuwa ba ce, kuma ba mu muka fara ba. Marigayi Yusef Lateef, mabushin nan na Amurka da aka haifa a 1920 ya tashi a birnin Ditiroit, ya zauna a Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, kuma sarewa tana cikin abin da ya duƙufa a kai. A 1983 ya ɗauki faifai a Legas, akwai kuma wani da ya sa wa suna Hikima, wanda aka sake bugawa bayan fiye da shekara 30. Ba zan yi ƙaryar cewa ni ɗalibinsa ba ne. Daga nesa muke hangensa. Amma ganin mutumin da ya yi busa da manyan duniya ya baro ƙasarsa ya zo yana nazarin karan da muke rainawa, shi ya sa muka ji kunya muka koma wurin Baba da ƙoƙon bararmu. Shi ma Lateef ya rasu a Disambar 2013 yana da shekara 93, kuma mun sa shi a addu'a ranar Asabar. Wani abin dariya, shi kansa ba ya son a kira kiɗansa jaz. Baba kuwa har ya koma ga Allah "kiɗan yaran nan" yake ce masa.

Godiyata ta farko ga Hajiya, uwargidan Baba. A ƙasan adakarta aka samu babban zaren rikoda da muka yi ɗaukar asali a kansa, naɗe cikin tsohon zane. Ta ce ita ba ta san ko mene ne ba, Malam ne dai ya ce kar a yar. Damina nawa ta wuce a kansa, ya sha laima ya yi danƙo. Da mun yi gaggawar ɗora shi a na'ura da ya kankare, kiɗan ya tafi har abada. Yaron da ya yi mana gyaran sauti, wanda ko haihuwarsa ba a yi ba lokacin da muka yi ɗaukar, shi ya hana. Ya ce irin wannan zare sai an gasa shi a hankali, a zafi kamar digiri 50 da ɗoriya, na tsawon awowi, laimar ta fita, sannan a juye shi cikin kwamfuta da wuri kafin danƙon ya dawo. Da na ji kalmar gashi cikina ya ɗuri ruwa. Na zauna a bakin ƙofa ina jan carbi kamar mai jiran matarsa a ɗakin haihuwa. Ɗana, Allah Ya yi maka albarka, Ya ba ka masu yi maka.

Saɓani ɗaya muka samu da shi. A farkon kiɗa na uku akwai inda Baba ya yi tari, ya ce "a sake, mai kalangu ya riga ni." Yaron ya so ya yanke wurin, ya ce ba a barin irin wannan a faifai. Na ce ko komai za a yanke, wannan ba za a taɓa ba. Ranar Asabar da aka zo daidai nan, ɗakin ya yi tsit. Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuskarta, jikarta da ba ta taɓa jin muryar kakanta ba ta juyo tana tambaya, "Shi ne? Shi ne?" Yaya mai jita, da na sani shekara arba'in ban taɓa ganin hawayensa ba, ya tashi ya fita waje.

Ina godiya ga iyalan sauran ukun. Gida-gida muka bi neman izini, kuma ba kowa ne ya amsa nan take ba. Babban ɗan mai ƙaho ya ce min, "Baba, mahaifinmu ya bar busa tun kafin ya rasu, addu'a yake bukata ba a tuna masa da wannan ba." Ban yi musu da shi ba, don maganarsa tana da nauyi. Na dai ce masa kiɗan yana yawo ko mun so ko ba mu so ba, wasu na cin kuɗinsa, zaɓin da ya rage shi ne a san mai shi. Ya yi mako biyu yana shawara da mahaifiyarsa, sannan ya kira ya ce sun yarda, amma rabonsu a kai shi gidan marayu da sunan sadaka ga mamacin. Haka za a yi. Da addu'a muka buɗe taron, shi ya ja ta, kuma ya zauna har ƙarshe.

Sauran masu hidima ku yafe min, ba zan iya jero ku ba. Matan da suka kwana suna tuyar waina, maƙwabcin da ya turo janaretansa a baro da wuta ta ɗauke ana tsakiyar kiɗa na biyu, ɗaliban da suka jera kujeru suka kwashe, da yarinyar da ta busa sarewa a madadin Baba hannunta na rawa amma ba ta kuskure ko sau ɗaya ba. Waɗanda suka sa kuɗinsu suka ce kar a ambace su, na ji, na yi shiru, Allah Ya sani.

Masu tambayar yadda za su samu: baƙin faifan garmaho kaɗan muka iya bugawa, don aikin da tsada, kuma sai an fara cire na iyalai. Amma duk kiɗan zai hau intanet, da sunayen a rubuce.

Roƙo ɗaya ya rage min. A bangon faifan akwai hoton mutum biyar, gurbin mai kalangu suna ne kawai, don mun nema har wajen danginsa ba mu samu ko ɗaya ba. Ya yi shekaru yana kiɗan biki a Tudun Wada da cikin birni, yakan sa jar dara ya karkata ta hagu. Duk wanda aka yi bikin gidansu a shekarun nan, don Allah ya duba tsofaffin hotuna, ko a bayan amarya ya fito muna so.