Yis ɗin da ya toshe kunnensa a cikin tanki

Har yanzu in na tuna haushi nake ji wallahi. Aikin namu a lab shi ne a haɗa yis iri biyu, dukkansu Saccharomyces cerevisiae, a tanki ɗaya su raba aiki, na farko ya ƙera rabin sinadarin da muke so ya fitar, na biyu ya ɗauka ya ƙarasa. To kowa ya san matsalar, wanda ya fi saurin hayayyafa shi ke cinye sukarin ya mamaye tanki. A wurinmu na biyun ne mai saurin.

Sai muka ce bari su riƙa magana da juna. Yis dama yana da saƙonsa na neman aure, wato alfa fakta, ɗan guntun furotin mai amino asid 13, ana jin sa ta Ste2, furotin da ke zaman kunne a fatar ƙwayar yis, shi kuma wani furotin mai suna Far1 ya taka wa rabuwar ƙwaya birki. Muka sa na farko ya riƙa fitar da saƙon, na biyu ya ji ya rage gudu, muka cire BAR1, ƙwayar gadon da ke samar da furotin mai narkar da alfa fakta, don kar saƙon ya narke a hanya. Na farko muka sa masa launin kore, na biyu ja, saboda ƙirga. A kwalba kan digiri 30 komai lafiya lau, babu abin ba da labari.

A tankin da ake zuba abinci ana kwashewa ba tsayawa ne abin ya lalace. Da farko rabon ya zauna daidai, can sai ja ya fara hawa a hankali, ya ci gaba da hawa har kore ya kusa ɓacewa. Na zargi pH, wato ma'aunin tsamin ruwan, na zargi injin juyawa, na ce ko saƙon ne ke mannewa a jikin roba, har na sayo alfa fakta mai tsada na ɗura musu da hannu, ko gezau. Da na duba a madubin ƙara girma, maimakon in ga jajayen sun tsaya sun yi ɗan tsinin nan da suke yi in sun ji saƙo, sai ga su kewayayyu suna ta fitar da 'ya'ya abinsu. Ashe kurame ne. Wasu ƙalilan sun samu canji a ƙwayar gadon da ke kai saƙon ciki, birki ya daina kama su, su kaɗai ke hayayyafa yadda suke so.

Abin da ya fi ƙona min rai, ashe tun 2009 masu bincike Lang da Murray da Botstein sun nuna cewa yis ɗin da ya rasa wannan hanyar jin saƙon yana fin ɗan'uwansa saurin girma da kusan kashi 2 cikin 100, ko babu saƙon ma. Mu kuma muka ƙara wa kurma lada da hannunmu.

Don haka in za ka yi irin wannan, kar ka sa jin saƙo ya zama hukunci. Juya shi, ka ɗaura saƙon a kan ƙwayar gadon da yis ba ya rayuwa sai da ita, ta yadda ba za ta yi aiki ba sai ya ji saƙon, kamar yadda su Virginia Cornish suka yi a Jami'ar Columbia a 2018, wanda ya toshe kunne ya mutu. Kuma kar kwalba ta ruɗe ka, ba ta daɗewar da kuramen za su yi yawa har ka gan su. Riƙa ɗiban samfur kana ajiyewa a firiza tun ranar farko, da su muka gano lokacin da abin ya fara.