Tsaraba daga birnin York na Ingila: kalmar da ta taso daga teburin mahauta

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ina fata kuna lafiya, ya iyali?

Kwanakin baya a tashar jirgin ƙasa aka soke mana jirgi biyu a jere, aka bar mu tsaye cikin sanyi ba mai ce mana uffan. Wata dattijuwa kusa da ni ta girgiza kai ta ce, "What a shambles." Wannan kalma ce tsarabata gare ku yau.

A bakin mutanen Ingila, "shambles" shi ne abin da ya yi kaca-kaca, amma ba kowane hargitsi ba. In ambaliya ce ta birkita gari, "chaos" za ka fi ji. Ita kuwa "shambles" da zargi a cikinta: akwai wanda aka damƙa wa aiki ya yi sakaci. Da ita ake kushe 'yan bayan ƙungiyar ƙwallo, da ɗakin yaron da ya ƙi gyara, har da gwamnati. A 2012 Ed Miliband, jagoran 'yan adawa a lokacin, ya kira kasafin kuɗin gwamnati "omnishambles" a majalisa, wato lalacewa ta kowace fuska, kuma a shekarar masu ƙamus na Oxford suka zaɓe ta kalmar shekara a Birtaniya.

Asalinta ne ya fi tsaya mini a rai. A tsohon Turanci sunan benci ne, daga Latin, irin wanda mahauta ke baje nama a kai. Daga nan ta zama sunan kasuwar nama, ta koma mayanka, ta koma duk inda jini ya kwarara. A nan York akwai wani siririn lungu da har yau sunansa Shambles. Benayensa sun sunkuyo kamar za su haɗa goshi, ƙugiyoyin rataye nama na nan a gaban wasu shaguna, sai dai yanzu alewa da kayan tsaraba ake sayarwa.

Duk sanda na ratsa wurin sai in ji an ɗan zalunci mahauta. Na tuna layin 'yan nama a kasuwarmu: Sarkin Fawa na nan, kowa ya san rumfarsa, tun da asuba an yanka an feɗe an kasa, kafin rana ta yi zafi nama ya isa hannun mai saye. Da masu jirgin nan sun yi aiki irin nasu, da dattijuwar ba ta sha sanyi ba.

A gaishe mini da kowa da kowa.

Ɗan uwanku a York