Kalmar da ido ya sani, kunne bai sani ba

Yawancin ɗaliban da nake shirya wa jarrabawar Turanci ta ƙarshen babbar sakandare sun san kalmomi da ido, kunnensu ne bai san su ba. Ka miƙa wa ɗaliba sakin layi a takarda, ta karanta tsaf, ta amsa tambayoyinsa. Ka kunna mata shi a waya, sai ta zuba maka ido kamar yau ta fara haɗuwa da shi. Na daɗe ina tunani a kan wannan, domin yaran nan suna da kaifin basira, kuma suna ƙoƙari.

Matsalar tana cikin harshen kansa. Turanci na da haruffa 26, amma sautukansa sun kai wajen 44. Wasula biyar ake rubutawa, baki kuwa yana fitar da kusan 20. Ga shi mai magana ba ya ba kowace kalma haƙƙinta: yakan ƙarfafa masu ɗauke da ma'ana, ya haɗiye ƙanana irin su "to", "of" da "and", yana zuba kalmomi kusan 150 a minti guda. Yaron da ya koyi "thirteen" da "thirty" daga littafi kaɗai ba shi da yadda zai yi ya rarrabe su idan suka wuce shi da gudu.

Abin da na ga ya fi yin aiki shi ne shifta, wadda wasu ke ganin ta zama tsohon yayi. Nakan zaɓi magana ta minti ɗaya ko biyu da ke da rubutaccen kwafi. Su fara saurara hannu rabbana. A karo na biyu su rubuta abin da suka ji, jimla bayan jimla. Sai na raba musu kwafin, kowa ya ja layi ƙarƙashin abin da ya kuɓuce masa. Nan ne nake son kallon fuskokinsu. Wani yaro ya taɓa ɗago kai yana nuna mini takardarsa da biro, ya ce, "Malam, ai duk na san su!" Gaskiyarsa. Kusan duk abin da ya ja wa layi kalmomi ne da yake rubutawa kullum. Daga nan sai su sake saurara, yatsa na bin layi, a ƙarshe su riƙa furtawa tare da mai maganar.

Kayan aikin ba su da wuyar samu. A 1959 Muryar Amurka ta fara shirin Turanci mai sauƙi, a hankali, da kalmomi kusan 1,500. BBC ma tana da hirar minti shida ta masu koyo, tare da rubutunta. Sai dai ba na barin ɗalibi ya daɗe a kan mai tafiyar hawainiya, domin ranar jarrabawa ba wanda zai rage masa gudu.

A ɓangaren karatu, darasin ya fi wuyar karɓa. Binciken da Paul Nation da Marcella Hu suka wallafa a 2000 ya nuna mai karatu na bukatar sanin kusan kashi 98 cikin 100 na kalmomin rubutu kafin ya fahimce shi sosai ba tare da taimako ba. Ke nan baƙuwar kalma ɗaya tal a cikin 50. Ɗalibin da aka ɗora wa sakin layin jarrabawa tun farkon shekara yakan buɗe ƙamus a kowane layi, kafin ya kai ƙarshe ya manta farko. Don haka nake ba su gajerun labarai masu sauƙi su karanta da yawa, ko da wasunsu za su ga kamar na raina su ne. Saurin karatu daga nan yake fitowa.

Tambayoyin shekarun baya suna da amfaninsu, amma nakan ajiye su sai an kusa. Su ne ke koya wa yaro rabon lokaci, da duba tambaya kafin karanta sakin layi, da gane tarkon nan na amsar da ta kwafo kalmomin rubutun amma ta juya ma'anarsa.

Ɗabi'ar da ta fi ba ni wahala ita ce tsayawa. Kalma ɗaya ta kuɓuce, yaro ya tsaya yana nemanta a ransa, jimloli uku su wuce. Saboda haka nakan kunna musu magana sau ɗaya kacal, ba tsayawa ba komawa baya, in ce duk wanda abu ya wuce shi ya ɗiga ɗigo a takarda ya bi mai magana. Idan an gama, sai mu duba ko abin da ya zo bayan ɗigon ya isa ya cike gurbin. Sau da yawa yakan isa.