Tambaya ta huɗu, da sauran abin da na koya a sashen lissafi

Yanzu da sakamakon ƙarshe ya fito, na kuma gama zagayen ofisoshi ana sa mini hannu, babu sauran wanda makina yake hannunsa, ina ganin lokaci ya yi da zan rubuta abin da na daɗe ina riƙe da shi game da karatun lissafi a jami'a, musamman kalkulas, wato lissafin yadda abubuwa suke sauyawa da yadda suke taruwa, wanda ta ƙofarsa kowane ɗalibin sashenmu da na injiniya da na fiziks yake bi ko yana so ko ba ya so. Ba zan tsaya bayanin rajistar kwasa-kwasai ko sammakon kama kujera a zauren lacca ba, domin waɗanda nake rubuta wa sun san wannan kamar yadda na sani.

A jarrabawar kwas ɗin dabarun lissafi na aji biyu, mai yunit uku, tambaya ta huɗu ta ce a nemo intigiral na 1/x² daga −1 zuwa 1, wato faɗin filin da ke ƙarƙashin layinsa idan aka zana shi, tare da wasu ƙananan tambayoyi da aka ɗora a kan amsar. Wanda ya haddace ƙa'ida zai gama da ita a layi uku: ya rubuta −1/x, ya sa 1 ya sami −1, ya sa −1 ya sami 1, ya ɗebe na biyu daga na farko, amsa ta fito −2. Na taɓa ganin wannan misalin da wannan amsar a handawut ɗin malamin, na ɗauka kuskuren mai bugawa ne, na wuce. Abin da ya sa na ɗauka haka shi ne amsar ba ta yiwuwa ko kaɗan. Duk lambar da aka ninka da kanta ba ta sauka ƙasa da sifili, saboda haka 1/x² ma ba ya sauka, kuma tsakanin −1 da 1 ƙimarsa ba ta taɓa gaza 1. Idan aka zana shi, filin da ke ƙarƙashin layin ba zai gaza 2 ba ta kowace fuska, balle a ce ya koma ƙasa da sifili. Ba a buƙatar digiri kafin a ga wannan. Zane na minti ɗaya ya isa.

Inda gizo yake saƙar shi ne babbar ƙa'idar kalkulas, wadda ta haɗa difarenshiyeshin (nemo saurin sauyawar abu) da intigireshin (nemo intigiral), tana da sharaɗin da yawancinmu muke tsallakewa idan muna karantawa, wato fanshin ɗin, a nan 1/x², ya kasance ba shi da yankewa daga farkon tazarar har ƙarshenta. A wannan tambayar akwai sifili zaune a tsakiyar tazarar, inda raba 1 da sifili ba shi da ma'ana, kuma layin yake hawa sama ba iyaka daga ɓangarorin biyu. Abin da ya kamata shi ne a raba tazarar gida biyu a kan sifili, a tsaya kusa da shi ba tare da an taɓa shi ba, sannan a duba abin da ke faruwa yayin da ake ƙara matsawa. Idan aka fara daga 1/10 zuwa 1 filin 9 ne, daga 1/100 ya zama 99, daga 1/1000 ya zama 999, kuma haka zai yi ta ƙaruwa ba tsayawa. Wannan na rubuta a takardar amsata, na zana hoton, na kammala da cewa intigiral ɗin ba shi da ƙima, don haka ƙananan tambayoyin da aka ɗora a kansa ba su da gindin zama. Na fito daga zauren ina ganin ban taɓa rubuta amsa mai tsafta kamar wannan ba.

Sakamako ya fito da C.

Bayan na yi kwanaki ina kai da komo, na sami malamin a ofishinsa. Na gaisa, na tsaya har ya ɗago kai, na ce, “Ranka ya daɗe, na zo ne a kan tambaya ta huɗu, ina ganin akwai abin da ya kamata a sake dubawa.” Ya buɗe durowa ya ciro takardar da yake bi wajen ba da maki, ya nuna mini −2 da bakin biro, ya ce duk wanda bai kai nan ba ba shi da komai a wannan tambayar. Na ce, “Malam, don Allah a ba ni izini in zana hoton kawai.” Ya ce, “Kai, ina koyar da wannan kwas tun kafin a sa ka a firamare, yau kai ne za ka zo ka koya mini intigireshin?” Takardar da na miƙa bai kalle ta ba. Ya tambayi lambar rajistata, ya rubuta ta a gefen kalandar da ke kan teburinsa, ya ce in ja masa ƙofa.

Wani ƙaramin malami a sashen, wanda shi yake yi mana darasin bita, ya duba aikin nawa a tsaye a baranda, ya ce amsata ita ce daidai kuma ba ta buƙatar dogon nazari, amma ya roƙe ni kada in ambaci sunansa, domin shi ma takardarsa ta digiri na biyu tana jiran sa hannun mutumin. Akwai hanyar neman a sake duba takarda a hukumance, sai dai ana biyan kuɗi, ana cike fom, kuma fom ɗin yana bi ta ofishin shugaban sashe, wanda kowa ya san tare suke cin abincin rana da malamin. Abokaina suka ce faɗan da ya fi ƙarfinka mai da shi wasa. Yayana, wanda shi yake biya mini kuɗin makaranta, ya ce in yi haƙuri in fita lafiya. Na yi haƙurin.

A aji uku malamin nan na tambaya ta huɗu ne ya ɗauke mu kwas ɗin nazarin lambobi na haƙiƙa, inda ake komawa tushen kalkulas a kafa wa kowace ƙa'ida hujja. Wata rana da safe ya rubuta a allo da hannunsa cewa intigiral na 1 bisa x mai ƙarfin p, daga sifili zuwa 1, yana da ƙima ne kawai idan p bai kai 1 ba. A tambaya ta huɗu p ɗin 2 ne. Na kwafa a littafina kamar kowa, ban ɗaga hannu ba, shi ma bai dubi inda nake zaune ba. A ƙarshen zangon aka nemi makina na gwajin tsakiyar zango na wannan kwas aka rasa, alhali sunana yana cikin takardar halarta, kuma kafin a gyara an riga an miƙa sakamako da D. Ba ni da hujjar cewa da gangan aka yi, kuma wanda ya karanta lissafi ya san ba a yanke hukunci ba hujja. Abin da nake da shi lissafi ne mai sauƙi: A maki biyar ne a kowane yunit, C uku, D biyu, ana buƙatar matsakaicin 4.50 kafin a sami digiri mai daraja ta ɗaya, kuma ɗan abin da ya rage mini in kai can bai kai abin da waɗannan kwasa-kwasai biyu suka cinye ba.

Na daɗe ina tambayar kaina yadda mutumin da ya san ƙa'idar, har yana koyar da ita, zai kasa ganin ya karya ta. Amsar da na tsaya a kai ita ce bai taɓa haɗa kwasa-kwasan biyu a kansa ba. Na aji biyu a wurinsa jerin dabaru ne da ake aiwatarwa, na aji uku kuma jerin hujjoji ne da ake kwafa a allo, kowanne da handawut ɗinsa da ya tsufa. Haka kuma yawancinmu muka koyi kalkulas, shi ya sa a zauren da ya cika maƙil kusan kowa ya rubuta −2 ya sami cikakken maki, kuma da yawa daga cikinsu yanzu sun fita da takardar da ta fi tawa kyau.

Kuskure a wannan fannin ba abin kunya ba ne, tarihinsa cike yake da shi. Newton ya ƙirƙiro dabarunsa na kalkulas wajen 1665 zuwa 1666, Leibniz ya wallafa nasa a 1684 da alamomin da muke amfani da su har yau, amma an shafe fiye da ƙarni ana samun amsoshi masu kyau ba tare da an iya bayyana abin da ake nufi da adadi mai ƙanƙanta ba iyaka ba, har wani limamin coci, Berkeley, ya yi musu ba'a a kan haka a 1734. Cauchy na Faransa, wanda ya fara gyara tushen a 1821 da ma'anar limit mai tsauri, wato ƙimar da ake matsawa kusa da ita, shi da kansa ya rubuta cewa idan aka tara jeri mara ƙarshe na fanshin marasa yankewa, jimillarsu ma ba za ta yanke ba. A 1826 wani saurayi ɗan Norway, Abel, wanda bai kai shekara ashirin da biyar ba, ya nuna da misali cewa wannan magana tana da togaciya, kuma daga wannan gyaran ne daga baya aka fito da sharaɗin da muke wahala da shi a aji uku. Ba a tambayi Abel shekara nawa ya yi yana lissafi ba, misalinsa aka duba. Sai dai kada in yi wa mutanen da ado fiye da kima: babban aikin da Abel ya miƙa wa majalisar masana ta Faris a wannan shekarar a hannun Cauchy ya ɓace, kuma ba a buga shi ba sai 1841, shekara goma sha biyu bayan tarin fuka ya kashe mai shi. Ashe ɓatan takardar ɗalibi a hannun babba ba a kanmu aka fara ba.

Ga wanda yake tafe a baya, shawarata kashi biyu ce, kuma na san ba su jitu da juna sosai ba. Kafin ka yi amfani da kowace ƙa'ida, karanta sharaɗinta, wato rabin jimlar da ya fara da “idan”, ka tabbata tambayar da ke gabanka ta cika shi. Kafin ka sa lambobi a intigiral, duba ko akwai wurin da ƙasan kason yake zama sifili a cikin tazarar. Idan amsa ta fito, tambayi kanka ko mai hankali zai yarda da ita. Wannan kashi na lissafi ne. Kashi na biyu na zaman sashe ne: idan ka ga amsar handawut ta saɓa wa gaskiya, a jarrabawa ka rubuta duka biyun, ka nuna abin da bin ƙa'ida ido rufe yake bayarwa, sannan ka bayyana a ƙasa dalilin da ya sa ba ya tsayawa. Mai ba da maki zai ga lambar da yake nema, kai kuma ba ka yi wa kanka ƙarya ba. Ba na jin daɗin ba da wannan shawarar, kuma a sashen da yake da lafiya ba za a buƙace ta ba. Idan kuma har za ka kai ƙorafi, ka kai shi a rubuce, ka riƙe kwafi, kada ka shiga ofis kai kaɗai.

Ba duka malamanmu ne haka ba, kuma zalunci ne in bar mai karatu da wannan zaton. Malamar da ta koya mana lissafin sauye-sauye a aji biyu ta taɓa ba da intigiral na sin x sau cos x, aji ya rabu uku: wasu sun sami rabin sin²x, wasu −½cos²x, wasu kuma −¼cos 2x. Maimakon ta ce ga tata amsar, sai ta sa mu ɗebe ɗaya daga ɗaya, muka ga bambancinsu tsayayyar lamba ce kawai, wadda +C ɗin da muke mantawa mu ƙara a ƙarshen amsar intigiral yake haɗiyewa. Kowa ya sami makinsa, kuma tun daga ranar ban sake ɗaukar wannan C ɗin a matsayin ado ba.

Sauran darussan gajeru ne. Kowace amsar intigireshin ana iya gwada ta da difarenshiyeshin cikin minti biyu, kuma mutane kaɗan ne suke yi. Ƙa'idar L'Hôpital ba ta aiki sai limit ɗin ya ba da sifili bisa sifili ko rashin iyaka bisa rashin iyaka, amma ɗalibai suna jefa ta a kan duk kason da suka gani. Karanta misalin da wani ya warware yana sa mutum ya ji kamar ya iya, sai an rufe littafin an ɗauki biro ake sanin gaskiya. Tsofaffin tambayoyin jarrabawa suna nuna halin malami fiye da yadda suke koyar da darasi. Yajin aikin ASUU na 2022, wanda ya kai wata takwas, ya nuna mana cewa lissafi yana tsatsa idan aka ajiye shi, domin waɗanda suka ci gaba da warware ko da tambaya ɗaya a rana su ne suka dawo da ƙafafunsu.

A darussan bita da na riƙa yi wa 'yan aji ɗaya a masallacin ɗalibai da daddare, na lura cewa mafi yawan masu faɗuwa kalkulas ba limit ko difarenshiyeshin ne yake kayar da su ba. Aljabarar sakandare ce: haɗa kaso biyu masu ƙasa daban, fasa x² − 5x + 6 gida biyu, sanin cewa sin²x da cos²x idan aka tara su 1 suke bayarwa. Suna fahimtar sabon darasin sarai, sai su tuntuɓe a layi na huɗu a kan abin da ya kamata a ce sun ƙware a kansa tun suna aji huɗu na sakandare. Masu digirin lissafi galibi makarantar sakandare ake tura su idan sun tafi hidimar ƙasa, kuma idan haka ta faru da ni, daga haɗa kaso zan fara, ko da manhaja ta ce an wuce wurin.