Takardar taro da rigar sanyina ta farko a Bradford

Ranar da wayata ta kira sallar magariba ƙarfe huɗu saura minti goma, zama na yi a bakin gado na yi kuka mai isata. Watan Disamba ne na 2022, wata uku da saukarmu Bradford a arewacin Ingila. Maigida yana jami'a tun safe, yara suna makaranta. Gari ba ya wayewa sai bayan takwas, azahar da la'asar da magariba kuma suna bin juna kamar ana korar su. A Zariya sanyi yana da kunya, ya busa da asuba, hantsi na yi a shimfiɗa tabarma a tsakar gida a sha rana. Nan ko ranar ta fito ado ce kawai. Gidan da muka kama haya a Manningham na dutse ne, bangon ɗakin baya kullum a jiƙe, ga kuɗin gas ya yi tashin gwauron zabo a shekarar saboda yaƙin Yukren. Awa biyu da safe, awa biyu da dare, iyakar abin da muke kunna hita ke nan.

Garin bai ƙi mu ba. Masallatai ko'ina, naman halal a kowane lungu, har kuɓewa da doya ana samu idan mutum ya san shagon. Abin da babu shi ne wanda zai ɗaga labule ya yi sallama ba tare da ya fara bugo waya ba.

Neman rigunan sanyi na yara ne ya kai ni wani shagon gwanjo, irin waɗanda ƙungiyoyin agaji ke buɗewa. A ƙasan kanta na ga kwando cike da tsofaffin takardun saƙa, wasu sun yi ja don tsufa. Na ɗauko ɗaya. Hoton wata mata ne baƙi da fari, ta naɗe gashinta sama, tana sanye da suwaita mai tudun kafaɗa da tsukakken ƙugu, an yi mata adon igiya biyu masu harɗe juna daga wuya zuwa ƙasa. A kusurwar takardar an buga 3d. Wata ta bi layukan da fensir tana ƙirga abin da ta saƙa, sanda huɗu a tsaye ta biyar a gicciye, ta tsaya a tsakiyar hannun riga. Na biya fam ɗaya na kwashi biyu.

Da dare na tura wa Umma hoton, na tambaye ta ko ta san 3d.

"Taro ke nan, 'yar nan," in ji ta. "Biyunsa sisi, huɗunsa sule. Da shi ake aikena sayen ƙuli-ƙuli kafin a canza kuɗi."

Ingila ta bar wannan lissafi a 1971, Nijeriya ta koma naira da kwabo a 1973. Tun zuwana wannan ne abu na farko na ƙasar da Umma ta fi ni sani, kuma mun fi rabin awa a waya a daren, ba ta tambaye ni ko ina cin abinci ba sai can ƙarshe.

Saƙa ba baƙuwata ba ce. Da tsinken tsintsiya na fara, ina aji uku na firamare. Goggo takan sayo tsohuwar suwaita a gwanjo, mu zauna mu warware ta, mu naɗe zaren dunƙule-dunƙule, ta saƙa hular jarirai da safa da shawul na suna. Amma duk da ido da hannu muka koya. Ba a taɓa ba ni takarda an ce in karanta riga a cikinta ba. Wannan kuwa shafi huɗu ce ta ƙananan haruffa da lambobi a cunkushe, ba zane ko ɗaya. Ta ce a nemi tsinke lamba 12 da lamba 10. Na je shagon zare na ce lamba 12, yarinyar ta miƙo min wani mai kaurin yatsa. Na san ba da wannan aka yi rigar da ke hoton ba, amma Turancin da zan yi bayani da shi ya tsaya min a wuya. Na yi godiya na fito.

Malamar ajin ƙaramar 'yata ce ta gaya min akwai mata masu taruwa da saƙarsu a laburaren unguwa duk ranar Talata. Sai da na yi mako biyu ina juya zancen kafin na je. Su tara ne, yawancinsu sun haifi kamata. Wata tsohuwa mai shekara 82 ta janyo min kujera, ta kira ni "love", kalmar nan tasu ta Yorkshire mai nufin abin ƙauna, wadda direban bas ma yake kiran kowa da ita. Ta ce in kira ta da sunanta kawai. Bakina ya ƙi. Na ce mata a wurinmu ba a kama sunan babba, zan kira ta Kaka, na faɗa mata ma'anarsa. Ta maimaita sau biyu, ta ce ta karɓa.

Da ta ga takardar sai ta cire tabarau ta goge. Ta ce uwarta ta saƙa irin wannan kafaɗa. Ita ta warware min lambobin: a tsohon awon Ingila, yawan lamba shi ne sirantar tsinke. Lamba 12 milimita 2.75 ne a awon yanzu, lamba 10 kuma 3.25, wanda aka ba ni a shago kuwa milimita 12 ne cur. Zaren ma da oza aka rubuta shi, oza ɗaya giram 28, kuma siriri ne ƙwarai, irin wanda yau sai an nema. Harafin K saƙar fuska, P saƙar baya. Da ta nuna min da hannu sai na ga ai abin da Goggo ta koya min ne, suna kawai aka sa masa. Ta tsaya tana kallon yadda nake riƙe zare, ta ce hannuna ya riga ya iya, idona ne zai shiga makaranta.

A bakinta na ji dalilin da ya sa rigunan zamanin suke gajeru, matsattsu. Ranar 1 ga Yuni 1941, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, gwamnatin Birtaniya ta sa tufafi a kan rabo. Kowa aka ba shi tikiti 66 na shekara, daga baya ma aka rage, kuma ko kana da kuɗi ba a sayar maka da riga sai da tikitin. Oza biyu na ulu tikiti ɗaya. Ba a janye dokar ba sai watan Maris na 1949. Saboda haka mata suka koma warware tsofaffin riguna. Kaka ta ce tana 'yar shekara shida uwarta ke sa ta miƙe hannu biyu a naɗa mata zare, sannan a wanke shi a rataye ya miƙe daga lanƙwasar tsohuwar saƙa. Rigunan nan masu launi barkatai da ake sha'awa yanzu, da yawansu guntayen zare ne da ba wanda ya isa riga shi kaɗai. Na ce mata mu ma haka muka yi a Tudun Wada, ba yaƙi, ba tikiti. Ta riƙe hannuna ta ce in sake faɗa wa sauran matan, su ji.

Wahalar gaske tana wurin awo. Takardar girma ɗaya tak ta bayar, ƙirji inci 34, tsawo iya ƙugu, hannu iya gwiwar hannu. Ni ba jikina ke nan ba, kuma ko jikina ne ba zan fita da riga mai kama jiki haka ba. Ina son ta sauka ta rufe min mazaunai, hannu ya kai wuyan hannu, ta zauna daidai a kan doguwar riga. Wata daga cikin matan ta ce idan na canza ta ai ba rigar 1940 ba ce kuma. Na fahimce ta, akwai masu bin takardun nan harafi da harafi, har launin zaren, kuma aikinsu abin kallo ne. Ni dai a ganina matar da ta bi takardar da fensir ma don ta sa a jikinta ta saƙa, kuma da zarenta ya ƙare da ta gajarta hannun ba tare da ta nemi izinin kowa ba.

Kaka ta hana ni farawa sai na saƙa ɗan gwaji mai faɗin tafin hannu, na wanke shi, ya bushe, na auna. Ido bakwai da rabi a kowane inci, abin da muke kira ido a gidanmu ke nan, wato kowane zagayen zare da ke kan tsinke. Ina son faɗin baya ya zama inci 20, ido 150 ke nan. Layi goma ke ba da inci ɗaya, tsawon inci 26 ya kama layi 260. Na buga lissafin a bayan ambulan ɗin takardar gas: bayan rigar kaɗai ido 39,000. Maigida ya leƙo ya ce, "Maman yara, wannan ai digiri ne kike shirin yi." Ya sayo min fitilar tebur washegari.

Zaren na saye shi ruwan ƙasa-ƙasa, kalar kunun kanwa. A nan na gane cewa abin da muke kira ulu a gida yawancinsa roba ne. Kaka ta nuna min yadda ake bambancewa: a kusanta ɗan guntu da wuta, roba ta narke ta dunƙule, gashin tunkiya kuwa ya yi toka ya tashi da ƙauri. Na gwada a kicin. Ƙaurin babbakar kai da ƙafa ne sak na ranar babbar sallah, sai da na jingina da bango na ɗan lokaci kafin na buɗe taga.

Wata huɗu na yi a kanta. Bayan la'asar, a daidai lokacin da duhun nan ke saukowa ya danne min ƙirji, sai in kunna fitila in ɗauki tsinke. Ina da abin ƙirgawa, kuma duhu ko ba duhu layi takwas sai na harɗa igiya. A watan Fabrairu na gano na harɗa wata igiya ta hagu maimakon dama, inci huɗu a ƙasa, aikin kwana shida. Na kai ta laburare da niyyar warwarewa. Kaka ta ce kul. Tun tana shekara 15 ta shiga masaƙa, aikinta shi ne bin sabon yadi da yatsa tana neman inda zare ya tsinke ko ya kauce, ta mayar da shi da allura yadda ba mai ganewa. Ta zare ido shida kacal daga tsinke, ta bar su suka zube har wurin kuskuren, sauran rigar ba ta motsa ba. Ta tambaya ko akwai mai ƙugiya. Na ciro kwarashina da na zo da shi daga gida, wanda Goggo ta ba ni. Da shi ta juya igiyar, ta hau da idanun ɗaya bayan ɗaya, yatsunta duk sun karkace da ciwon gaɓɓai amma ba su yi kuskure ko sau ɗaya ba. Layi uku na ƙarshe ta miƙo min ta ce in ƙarasa.

Saƙar ce ta sa na fara ganin garin. Dogon bututun hayaƙin masaƙar Lister da nake gani daga tagarmu, ashe yanzu gidajen kwana ne a cikin ginin. Mun hau jirgin ƙasa da yara zuwa Saltaire, inda Titus Salt ya buɗe masaƙarsa a 1853 ya gina wa ma'aikata unguwa guda, aka daina saƙa a cikinta a 1986. Ina tsaye a wannan makeken zaure sai Kakuri ta faɗo min, da kawuna da ya yi shekaru a masaƙar Kaduna har ranar da aka rufe ƙofa. Maƙwabciyata ma, dattijuwa 'yar Mirpur ta Kashmir, ɓangaren Pakistan, da muka yi wata biyar muna gaisuwar ido kawai, ganin zare a jakata ne ya sa ta tsayar da ni. Mijinta aikin dare ya zo yi a masaƙa a shekarun 1960, ita ta biyo shi daga baya, ta ce shekararta ta farko ba ta san ko sunan titinsu ba. Ina kiranta Anti, tana kirana beti, wato 'yata. Yanzu takan ƙwanƙwasa ƙofa ba tare da waya ba, da kwanon shinkafa a hannu.

Na ɗinke rigar a ƙarshen Afrilu, sanyi ya riga ya fara sauƙi. Tudun kafaɗar na bar shi yadda yake a hoton, don shi ya fara jan idona. Giram 450 ta ci, ninki biyu da ɗoriya na abin da takardar ta ce. Na sa ta na je laburare, Kaka ta juya ta ciki waje, ta bi ɗinkin hammata da yatsa kamar yadda take bin yadi a da, ta ce hannun hagu ya fi na dama da layi biyu. Gaskiyarta, na ƙirga.

Takarda ta biyu da na saya a ranar nan mai buɗaɗɗen gaba ce, da maɓalli bakwai. Umma nake so in yi wa, saboda fitar asuba a hunturu. Na sa ƙanwata ta karɓo tef wurin telan unguwa ta auna ta, Umma tana faɗan wai me za ta yi da rigar Turawa, amma ta tsaya aka auna, har ta ce a ƙara inci biyu a hannu kuma kada a yi mata fari. Ƙirji 42, tsawo 27. Akwai mai tafiya gida a tsakiyar Nuwamba, ya ce zai ɗaukar min idan ba ta wuce rabin kilo ba. Na gama baya da gaba ɗaya, saura ɗaya gaban da hannuwa, maɓallan kuma Anti ta ce kada in saya, tana da gwangwani cike.