Daga mazari zuwa Wadata

Sana'ata ita ce rina zaren auduga da yi wa saƙar hannu ado da allura, kuma a Yamai nake yin ta, ko da yake asalina daga ƙasar Adar ne, can wajen Madawa. Masu saye sukan ɗauka cewa duk abin da suka gani a shimfiɗe gabana ni na yi shi tun daga farko har ƙarshe, alhali kuwa kafin mayafi ɗaya ya iso wurin sayarwa ya riga ya ratsa hannun manomi, da tsohuwar da ta yi kaɗi, da masaƙin da ya zauna a kansa. Sunana ne kawai ake ambata, amma a cikin waɗannan hannuwa nawa ne ya fi sauƙin maye gurbi, kuma na mai kaɗi ne ya fi wuyar samu.

Zaren da nake aiki da shi daga ƙauyenmu yake zuwa, tafiyar da ta kai kusan kilomita 500, ta Dosso da Dogon Dutsi da Ƙonni, a cikin buhu a bayan motar fasinja. A kwarin Maggiya da kewayen Madawa an daɗe ana noman auduga, har akwai lokacin da ita ce amfanin gonar da take kawo wa magidanci kuɗi a hannu, kafin albasa ta karɓe wannan matsayi a wurare da yawa. Abin da ya rage a wajenmu yanzu 'yan tsiraru ne da ake shukawa a gefen gona, kuma su ne tsofaffin mata suke tsinta bayan kaka. Wanda bai taɓa zama kusa da mai kaɗi ba ba zai san yawan aikin da ke cikin dunƙulen zare ɗaya ba. Sai an gurje audugar a kan magurji da ɗan sandan ƙarfe an fitar da angurya, sannan a shiɓe ta da bakan shiɓa har ta yi laushi ta tashi, a naɗe ta ta zama sutu, sa'an nan a ɗauki mazari. Mai kaɗi takan shafa alli a yatsunta don kada zare ya zame mata, tana murza mazari da hannun dama tana jan auduga da na hagu, kuma da yatsun nan kaɗai take auna kaurin abin da take fitarwa, ko abawa mai kauri da laushi, ko siririn zare mai ƙarfin murɗi.

Ƙanwar mahaifiyata ce take tattara mini zaren daga hannun sa'o'inta, kuma duk cikinsu babu wadda ba ta da jikoki. Na taɓa ce mata, "Inna, me ya hana ku koya wa 'yan matan gidan?" Sai ta ce, "Ɗiyata, yarinyar da za ta ɗauki tallan awara ta dawo da kuɗinta kafin la'asar, da wane baki zan ce mata ta zauna kan mazari mako guda?" Ban sami abin da zan mayar mata ba, domin lissafinta daidai yake. Ba ƙyuya ce ta kashe kaɗi ba, kuma ba raina al'ada ba ne kamar yadda ake yawan faɗa a wuraren taro. Kuɗin da ake biya ne bai kai wahalar ba, tun lokacin da zaren kanti ya cika kasuwa da araha.

Idan zare ya iso, aikina na farko shi ne dafa shi da kanwa da sabulu, saboda auduga tana da wani maiƙo na halitta wanda yake hana rini kamawa. Daga nan nakan jiƙa shi cikin ruwan bagaruwa, irin wadda dukawa suke jima da ita, sannan cikin ruwan alif, domin auduga ba kamar fata ko ulu ba ce, ba ta riƙe launin itatuwa sai an yi mata wannan shimfiɗa tukuna. Ɓawon albasa nakan samo shi a kasuwar Katako wurin masu sauke buhunan albasar Galmi, waɗanda da farko suka yi ta mamakin matar da take sayen shara, yanzu kuwa su suke ajiye mini. Albasar ja ce, amma launin da take bayarwa a kan zare rawaya ne mai karkata zuwa kore, kuma idan aka tsoma shi cikin ruwan da tsofaffin ƙusoshi suka kwana a ciki sai ya yi duhu ya koma wajen toka-toka. Saiwar rawaya tana ba da ɗorawa mai haske. Karan dafi kuma, wanda yake ba da jan nan mai kyau a jikin fata da kabar da ake saƙa tabarmar Madawa, a kan auduga ba shi da alkawari sosai, yakan koɗe ya koma ƙasa-ƙasa bayan wanki, don haka na daina sa shi a kayan da za a riƙa wankewa.

Shuɗi ba na yin sa da kaina. Rinin baba ilimi ne mai zaman kansa, na mutanen da suka gaji karofi, kuma har yau Kano ce cibiyarsa, inda marinar Ƙofar Mata take, da garin Kura wanda yake yin turkuɗin da Abzinawa suke naɗa rawani da shi. Ta hannun wani ɗan kasuwar Maraɗi nake samun zaren da aka rina a can. Lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, har zuwa watan Maris na 2024 da aka buɗe ta ɓangaren Najeriya, shuɗin ya yi wuya ya yi tsada, kuma duk abin da na yi a wannan tsakani rawaya ne da toka da farin auduga.

Yanayin shekara ma yana da ta cewa. Da hunturu zare yakan bushe nan da nan, amma ƙura takan hau shi a kan igiya, sai an shanya a cikin rumfa. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai yake haura digiri 40, ba a tsayawa kan tukunyar rini bayan hantsi, don haka daga sallar asuba nake hura wuta. Da damina kuwa fumfuna ce abin tsoro.

Masaƙin da nake kai wa zare yana cikin masu sana'ar hannu da suke zaune a harabar gidan tarihi na ƙasa na Bubu Hama, wanda aka kafa a 1959. Mutane da yawa sun san wurin ne saboda namun daji da ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da, da kuma gungumen itaciyar Tenere da aka kawo bayan mota ta kayar da ita a 1973, amma a gare mu muhimmancinsa shi ne rumfunan da maƙera da dukawa da masaƙa suke aiki a bainar jama'a. Bazabarme ne daga yankin Tera, dattijo, kuma tera-tera ya gada, wato bargon nan mai zane-zane da ake yi wa amarya. Ya zauna a bayan allera, ƙafafunsa suna taka matakai, ƙoshiya tana kai da kawowa, zaren da ya yi wadarinsa kuma yana miƙe can gaba ɗaure da dutsen da yake jawowa sannu a hankali yayin da saƙa take ci. Da na fara kai masa zaren ƙauye ya juya shi a hannu ya ce, "Ɗiyata, wannan ba ya son gaggawa, in na ja shi yadda nake jan na kanti tsinkewa zai yi ta yi." Na ce, "To Baba, yaya za mu yi?" Shawarar da ya kawo ita muke bi har yanzu: zaren tsaye na kanti, saboda shi yake ɗaukar ja da gogayya, abawa kuma ta hannu, saboda ita ido yake gani, ita jiki yake taɓawa. Akwai masu ganin wannan gauraye ne da bai kamata ba. Ni dai ina gaya wa mai saye gaskiyar abin da ke ciki, kuma na fi son zanen da zai shekara goma a gida da wanda za a yaba wa tsarkinsa ya yage a wankin farko.

Saƙar takan fito ne a tsaga-tsaga masu faɗin tafin hannu, ni nake haɗa su da allura gefe da gefe, sannan in zana adon da zan bi. Yawancin siffofin daga babbar riga na aro su, irin su aska da tambari, waɗanda a al'ada maza ne suke ɗinka su a ƙirjin riga, malami ya zana, masu allura su cike. Nakan rage su, in raba su, in sa aska ɗaya a gefen mayafi inda ba a saba ganinta ba. Wannan aiki da hasken rana nake yin sa, tsakanin hantsi da azahar da kuma bayan la'asar, domin ƙirga zare a ƙarƙashin fitila yana cin ido.

Abin da ya fi canja rayuwar masu sana'ar hannu a Yamai shi ne tafiyar baƙi. Shekaru da dama rumfunan gidan tarihi da na ƙauyen masu sana'a na Wadata sun dogara ne ga Turawa, 'yan yawon buɗe ido da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da na ofisoshin jakadanci, masu neman tsarabar da za ta shiga akwati. Tun daga farkon 2011, da aka sace wasu Faransawa biyu a cikin birnin nan, ƙafarsu ta fara ɗaukewa, kisan da aka yi wa ma'aikatan agaji a Kure a 2020 ya ƙara, bayan 2023 kuma sai ɗaiɗaiku. Ba zan raina asarar ba, domin na san maƙeran da suka rufe rumfa suka koma wata sana'a. Amma a ganina wannan kasuwa ta lalata mana ido ba mu sani ba. Mun saba yin ƙananan abubuwan ratayewa a bango waɗanda babu Bahaushiya ko Bazabarmar da za ta saya ta sa a ɗakinta, mun saba kiran farashi biyu, kuma mun manta cewa tera-tera ba don baƙo aka ƙirƙire shi ba. A da uwar amarya ce take tara zare, ta kira masaƙi ya kafa masaƙarsa a gidanta, tana ciyar da shi har ya gama kayan ɗiyarta. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Masu sayen kayana a yau matan Yamai ne, ma'aikata da 'yan kasuwa da iyayen amare, kuma yawanci a WhatsApp suke fara ganin hoton kafin su zo. Tambayoyinsu daban suke da na baƙi. Ba ruwansu da labarin ƙauyen da zare ya fito, abin da suke so su ji shi ne ko yana zuba, ko zai jure wanki, ko faɗinsa zai rufe gado mai katifa babba, ko za a iya samun shida iri ɗaya kafin ranar biki. Waɗannan tambayoyi sun tilasta mini gyara aikina fiye da duk wani yabo da na taɓa samu: na ƙara faɗi, na ƙarfafa haɗin tsagi, kuma kowane launi sai na wanke samfurinsa na shanya a rana kafin in yarda da shi.

Manyan taruka suna da amfaninsu. Baje kolin SAFEM na sana'o'in hannun mata, wanda aka fara a shekarar 2000, shi yake haɗa mu da matan Agadas masu aikin fata da kaba, da na Damagaram, da baƙi daga Mali da Burkina Faso, kuma bikin nuna tufafi na FIMA da mai tsara tufafi Alphadi ya fara a hamadar Tigidit a 1998 ya sa duniya ta san cewa a Nijar ana yin tufafin da za a nuna. Sai dai taro na 'yan kwanaki ne, masaƙi kuwa kullum yake cin abinci. Duk lokacin da na zauna da matan Burkina nakan ji kishi, domin a zamanin shugaba Thomas Sankara hukuma ta tsaya wa Faso Dan Fani, wato zanensu na saƙar hannu, ta sa ma'aikata suka riƙa sa shi, ga shi yau saƙar hannu ta zama suturar fita kunya a can. Mu kuwa ranar 13 ga Mayu, ranar matan Nijar, wadda take tuna tattakin da mata suka yi a 1991, dubban mata ne suke ɗinka anko na atamfar da inji ya buga. Da a ce ko ɗankwalin ankon nan kaɗai za a ce na saƙar hannu ne, da masaƙan Tera da Dosso da Tawa sun yi watanni ba su ɗaga kai ba.

Muna da ƙungiya ta mata masu aikin zare a unguwarmu, masu saƙa da kwarashi da masu ɗinkin hula da masu rini, muna haɗuwa kowace Lahadi da yamma a gidan ɗayarmu. Tsarin asusunmu irin na Mata Masu Dubara ne, wanda ya samo asali a Maraɗi a 1991: kowa ta zuba abin da aka yanka, mai bukata ta ranta ta mayar da ɗan ƙari. A nan ake aron tukunya da ma'auni, a nan ake raba oda idan ta fi ƙarfin mutum ɗaya, a nan kuma ake faɗa, galibi a kan wadda ta karya farashi.

Muhawarar da muka fi daɗewa a kanta bana ita ce ta masu kaɗi. Na kawo shawarar a ciri wani kaso daga asusu a aika ƙauye tun kafin a tsinci auduga, a biya zare a gaba kuma a kan farashin da ya fi na yanzu, da sharaɗin kowace tsohuwa ta zaunar da yarinya ɗaya kusa da ita, ita ma a biya ta nata dunƙulen. Masu kwarashi, waɗanda da zaren roba na kanti suke aiki, suka ce kuɗin kowa ne, ba su ga dalilin da za a zuba shi a abin da mu uku kawai za mu amfana ba, kuma suna da hujja. Shugabarmu, wadda duk muke kira Yaya, ta raba gardamar da cewa a ba mu a matsayin rance kamar kowa, mu uku mu ɗauki nauyin mayarwa. Haka aka yi. Zaren 'yan koyo zai zo da kauri a nan siriri a can, ba zai yi mayafi ba, don haka na riga na yi magana da Baba masaƙi a kan mu sa shi a labule da shimfiɗar ƙasa, inda rashin daidaiton ba zai zama aibi ba, shi kuma ya ce sai ya ga zaren a hannunsa kafin ya yanka kuɗin saƙa.